Umman Kwana Biyu

A cikin Koki akwai wani lungu da a-daidaita-sahu ba ya iya shiga, a ƙarshensa kuma akwai gida mai ƙofar langa-langa. Kada ka wahalar da kanka da sunan mai gidan, ka ce gidan Sa'ida mai kitso kawai, za a nuna maka. A nan take wuni bisa kujera 'yar tsugunno, tun hantsi har la'asar sakaliya, kan wata mata a tsakanin gwiwoyinta, kibiyar tsaga gashi soke a ɗankwalinta. Ba ta kai arba'in ba, amma bayanta ya riga ta tsufa.

A Dala aka haife ta, gidan dukawa. Ita ce 'yar fari a wajen mahaifiyarta, don haka ana yaye ta aka miƙa ta ga kaka. A hannun tsohuwar nan ta koyi kitso, ta koyi kunya, kuma duka biyun sai da suka yi mata yawa. Ta girma ba ta taɓa jin sunanta a bakin matar da ta haife ta ba, ba ta kuma ɗauki hakan ƙiyayya ba, don haka ta tarar ana yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Matan yanzu dariya suke yi wa wannan, su da tun jariri bai bushe ba sun ɗora hotonsa a waya duniya na kallo. Ni ban ce ga wanda ya fi wani ba. Na dai san Sa'ida ta ɗauko tsohuwar al'ada ta shigo da ita zamanin da babu mai yaba mata.

Ta auri Ɗalha, mai sarin atamfa da ke zuwa Kwatano, ta tare a gidansu na gado. Haihuwarta ta farko mace ce, aka sa mata Ikram. Da lokacin yaye ya yi, mahaifiyar Ɗalha, Hajiya 'Yardada, wadda kowa a gidan ke ce wa Inna, ta ɗauke yarinyar zuwa ɗakinta. Ba nisa ba ne, tsakar gida kawai za ka tsallaka. Ikram ta tashi tana kwana a bayan Inna, tana kiran Sa'ida Anti kamar yadda 'yan matan da ke zuwa kitso suke kiranta. Daga baya Anas da Hashim suka zo, su kam Umma suke cewa, su hau bayanta, su ja mata zane. Ikram kuwa in Sa'ida za ta aike ta sai ta ce, "Ke, 'yar Inna, zo nan."

Mai kitso guda, amma ba ta taɓa yi wa 'yarta ba. Gidan Dije maƙwabciya ake tura ta, daga nan ake jiyo ihunta, don Ikram ba ta da juriyar a taɓa mata kai. Ta dawo da tsaga a karkace, Sa'ida ta kalla ta haɗiye. Tana son yarinyar nan, so mai ciwo, fiye da yadda take son mazan biyu in za a faɗi gaskiya. Iyakar inda son ke fitowa shi ne tsokar nama da take ƙarawa a kwanon da za a kai ɗakin Inna.

A daminar da Ikram ta shekara takwas zazzaɓi ya kama ta. Wa ya damu da zazzaɓi da damina? Aka karɓo maganin maleriya a kemis, ya sauka, ya sake tashi. Ɗalha yana Kwatano. Wata safiya Inna ta fita barka, Sa'ida na zaune tana jiran wata mai zuwa kitso da ta makara, sai ga Ikram ta fito daga ɗakin Inna tana tafiya kamar mai magagin barci. Ta tsallako tsakar gidan, ta zauna a tsakanin gwiwoyin Sa'ida, ta kwantar da kai a cinyarta.

"Umma, yi min kitso."

Sa'ida ta duba ƙofar gida, ta duba ɗakin Inna. Babu kowa. Ta zare kibiya ta fara tsifa. Kan da zafi rau, gashin kuma irin nata ne sak, mai laushi a goshi, mai taurin kai a ƙeya. Ta tsaga, ta ja, ta kitse, yarinyar ko motsi ba ta yi ba, ita da ake jiyo ihunta daga gidan Dije.

"Umma, wa yake ƙona gashi?"

"Babu mai ƙona komai."

"Akwai. Ina jin wari."

Anas ya wuce da gudu, Ikram ta bi shi da ido ta ce ɗan wane gida ne wannan. Sa'ida ta ji duk wannan, kunnenta ƙalau. Amma ta ajiye shi gefe, saboda daɗi ya cika ta. A ranta cewa take yi yarinya ta girma, jini ya motsa, ta gane da kanta. Ta yi mata shuku ƙanana, mafi kyau da ta taɓa yi wa wani kai.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da wane bakin za ta ce wa surukarta, 'yarki ta ce min Umma? Ai kamar gori ne, ko kamar ta shiga ɗakin tsohuwa ta yi sata. Washegari ma Ikram ta wuni manne da ita. Inna ta ga kitson, ta gane hannun, ta taɓe baki ta ce ciwo ne ke sa yaro shagwaɓa. Sa'ida ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Rana ta gaba, bayan azahar, jijjiga ta kama yarinyar. Idanu suka juye, haƙora suka datse. Aka ɗauke ta a kafaɗa har bakin lungu, aka tare a-daidaita-sahu zuwa babban asibiti.

A ɗakin yara aka ɗebi jini, aka ce akwai maleriya, wataƙila ita ta taɓa ƙwaƙwalwa. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka fara allurai. Likitan, Dakta Bashir, matashi ne mai jajayen idanu, kana ganinsa ka san shi ma barci yake nema. Ya tsaya a bakin gadon ya tambaya, "Wace ce mahaifiyarta?"

"Ni ce," in ji Inna.

Sa'ida na tsaye daga bakin ƙofa rungume da fulas ɗin ruwan zafi.

"Hajiya, kafin jijjigar nan, kin ga halinta ya canja? Ko sambatu, ko rashin gane mutane?"

"Babu. Zazzaɓi ne kawai, sai ɗan rigima."

Inna ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Wadda ta ga sauran tana bakin ƙofa, maganar ta zo mata har maƙogwaro. Sai dai in ta faɗi ɗaya dole ta faɗi duka, a gaban Inna, a gaban baƙon namiji, da mata cike da ɗaki. Ta gyara riƙon fulas kawai.

Kwanaki suka shuɗe. Maleriya ta ɓace daga jinin, yarinya ba ta farka ba, jijjigar kuma tana dawowa. Inna ce mai jinya, Sa'ida kuwa kullum tana hanya: ta dama kunu ta kawo, ta koma ta yi wa maza girki, ta wanke zannuwa, ta sake dawowa. Masu zuwa kitso suka gaji da zuwa suna tarar da kujera babu kowa.

Nan ne Dakta Bashir ya ce yana so a ɗebi ruwan baya, wato a sa allura a ƙasan gadon baya a ɗigo ɗan ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa, a auna. Inna ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. Tana da dalilinta. A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano, an ɗebi ruwan bayan ɗanta Ilu da safe, kafin la'asar aka naɗo mata shi a tabarma. Waɗanda suka ga Ilu sun ce da ma da sauran numfashi kaɗan aka kai shi, amma je ka gaya wa uwa haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Ba za a taɓa mata baya ba," ta ce. "Ga hannu nan, ku ɗebi jini ko kwalba nawa ne. Ai na ji a rediyo yanzu jini na faɗin komai."

Likitan ya ja kujera ya zauna. "Yana faɗa, Hajiya, amma ba duka ba. Ya nuna mana maleriya, to yara da yawa suna yawo da ita a jini da damina suna kuma wasansu. Mun kashe ta, yarinya ba ta tashi ba. Abin da nake tsoro wata ƙwayar cuta ce, bairos, mai kumbura ƙwaƙwalwa. Ko kuma sanƙarau. Kowanne maganinsa daban, kuma daga waje kamarsu ɗaya."

"To jinin ba zai raba muku ba?"

"Shi muke fata. Akwai masu bincike, har da mu a nan, muna neman wata alama da jini ke nunawa in bairos ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, don wata rana a bar bayan yara ya huta. Amma ba a kai ga abin dogaro ba tukuna. Yau dai, ruwan ne."

"Sai a jira ku samo."

"Ba za ta iya jira ba, Hajiya."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi," in ji Inna, ta juya masa ƙeya.

Aka kira Ɗalha a waya. Ya ce duk abin da Inna ta ce shi ke nan. Kada ku zage shi da yawa. Ilu wansa ne, tare suke kwana.

Washegari da hantsi Sa'ida ta iso da kunu daidai lokacin da likita ke zagayen marasa lafiya. Ta ga ya kama yatsan Ikram ya danna farcen da biro, da ƙarfi, irin dannar da za ta sa babba ya zabura. Yarinyar ta ɗan motsa hannu da ƙyar. Ya girgiza kai ya yi wa nas magana ƙasa-ƙasa. Sa'ida ta tsaya da kwanon a hannu. Ta tuna kan nan a cinyarta, tana ja, tana tsagawa, babu ko uhum. Ashe ba juriya ba ce, ba kuma don hannun uwa ya fi na Dije taushi ba. Tun a ranar ciwon ya riga ya shiga, ita tana zaune tana murna.

"Likita," ta ce. Bai ji ba, sai da ta sake. "Likita, ta yi maganar da ba tata ba."

Ya juyo. "Malama, ke ce wa a wajenta?"

Inna na kallonta. Matar gadon kusa ta daina fifita. Sa'ida ta kalli ƙafafunta.

"Ni na haife ta."

Shekara takwas, wannan ne karon farko da ta faɗa da bakinta. Daga nan sauran ya zubo: warin gashin da babu mai ƙonawa, ƙaninta da ba ta gane ba, kan da ba ta ji zafin ja ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma ta ce min Umma."

"To ba ke ce umman ba?"

Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce masa, "'Yar fari ce, Dakta."

Shi ma ɗan cikin gari ne, ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Ya tambayi yaushe abin ya faru, ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ma faɗan ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ce wannan labarin ya ƙara masa zargin bairos, zai sa a fara maganinsa a yau, amma har yanzu yana bukatar ruwan, don a san ko hanyar aka kama, kuma a tabbata ba sanƙarau ba ne. Ya ce amincewar uwa ta isa.

Inna ta ce, "Sa'ida." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na yaye ta. Ni na goya ta. In kika bari aka soka mata abin nan, ke da Allah."

Sa'ida ta ajiye kwanon kunun, ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ki yafe min." Ta ɗago ta dubi likitan. "A ɗiba."

Inna ta ɗauki mayafinta da butarta ta fita.

Kafin a fara, nas ta yi mata bayanin binciken nan na jini. Ana so a ɗebi kaɗan a ajiye, a riƙa kwatanta shi da abin da ruwan ya nuna, nata da na sauran yara masu irin ciwon. Ta gaya mata gaskiya cewa ba zai amfani Ikram ba, sai dai na baya, kuma in ta ƙi ba abin da zai ragu a kulawa. Sa'ida ta gaji har ba ta da ƙarfin yin tunani mai tsawo.

"Ku ɗiba," ta ce. "Hannun ai ya riga ya saba."

Aka kwantar da yarinyar a gefe, aka naɗe ta gwiwa a ƙirji. Aka ce Sa'ida ta riƙe kan ta sunkuyar da shi, aikin da hannunta ya fi sani a duniya. Ba ta kalli allurar ba. Ta dai ga ruwan yana ɗiga cikin 'yar kwalba, garau kamar ruwan randa, ta yi mamakin wannan ɗan abin ne ya raba ta da surukarta.

Sakamako ya nuna alamun bairos ne, ba sanƙarau ba. Maganin ta jijiya ake ba da shi, kuma sai an yi makonni. Jinya ta dawo kan Sa'ida. Ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta koyi juya yarinya don kada kwanciya ta ci mata jiki, ta koyi ba da kunu ta robar hanci. Dije ta riƙe mata yaran maza. Inna ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, daga baya ta fara zuwa, amma ba ta shiga. A baranda take zama da carbinta, ta aiko da abinci ta hannun nas.

Jijjigar ta ragu, ta tsaya. Zazzaɓi ya sauka. Sa'ida tana goge wa yarinyar fuska, tana shafa kitson da ya fara tsufa, wani lokaci ta sunkuya ta kira sunan a kunnenta a hankali, tana jin baƙuntarsa a harshenta. Abin da take roƙo shi ne Allah ya tashe ta, ko a wane hali. Amma a ƙarƙashin wannan roƙon akwai wani ƙarami da take jin kunyar kai shi gaban Allah. Tana so in yarinyar ta buɗe ido ta sake faɗin kalmar nan.

Wata safiya ana shara, Ikram ta buɗe ido. Ba irin buɗewar da ta saba ba, wadda ido ke yawo babu kowa a ciki. Ta kalli silin, ta kalli robar ruwa, ta sauke idon a kan Sa'ida ta tsaya. Leɓɓanta a bushe suka motsa.

"Anti... ina Inna?"

Nas ta saki tire ta taho tana hamdala. Aka kira Dakta Bashir, ya zo har da ɗan sauri, ya ce wannan ita ce alamar da yake jira, ta gane mutane, ta san wa take nema. Sa'ida ta ce alhamdu lillahi, kuma har cikin ranta ta faɗa. Tare da haka wani abu ya nutse mata a ƙirji, don yanzu ta tabbata wanda ya kira ta Umma ciwo ne, kuma an kashe shi. Ta fita baranda.

"Inna, 'yarki na kira."

Tsohuwar ta tashi ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Sa'ida ta zauna a tabarmar da ta bari.

An sallamo Ikram da ƙafarta. Hannun hagu ya yi rauni, ba ya riƙe kofi, kuma mantuwa ta kama ta, karatun da take gaba a ciki yanzu ƙannenta sun wuce ta. Likita ya ce tabon kumburin ne, wani zai gyaru a hankali, wani sai haƙuri. Ba ta tuna komai na kwanakin nan, tun daga zazzaɓin har farkawa. Ta koma ɗakin Inna. Ɗalha ya dawo, bai ce wa matarsa ta kyauta ba, bai ce ta yi laifi ba, har yau maganar ba ta haɗa su ba.

Sa'ida ce ke kai ta asibiti duk ranar da aka sa musu. Sau ɗaya ta tambayi nas mai tabarau ko an samo alamar nan a jini. Nas ta ce jinin yana firiza tare da na wasu yara, ana kan nema. Sa'ida ta ce Allah ya sa a dace, ba ta sake tambaya ba.

Ta koma kan kujerarta. Masu kitso sun dawo, ba duka ba. Ita da Inna suna gaisawa, kwano na zuwa yana dawowa, sai dai Inna ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ran nan wata baƙuwa ta zo duba jiki, ta ga hannun yarinyar a lanƙwashe, ta tambayi abin da ya same shi. Muryar Inna ta tsallako tsakar gida sarai.

"Allurar baya ce. Na hana, uwarta ta sa aka yi."

Ba a taɓa kiran Sa'ida uwar Ikram a gidan ba sai ranar. Hannunta ya tsaya a tsakiyar tsaga, har matar da ke gabanta ta ɗago ta dube ta.

"Sunkuya," in ji Sa'ida. "Saura kaɗan."